Wa ke riƙe da fayil ɗin malamin firamare a Abuja?

Daga ƙarshen watan Maris zuwa farkon Yulin 2025, makarantun firamare na gwamnati a Babban Birnin Tarayya a garƙame suke. Yara sun shafe sama da wata uku a gida, kuma ba a koma aji ba sai da ministan Abuja, Nyesom Wike, ya sa baki, aka amince a riƙe kashi 10 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙananan hukumomi shida domin rage bashin malamai. Wanda ya karanta buƙatun da ƙungiyar malamai ta ƙasa, NUT, ta gabatar zai ga kusan duka maganar haƙƙin ma'aikaci ce: mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024, ƙarin kashi 25 da 35 cikin ɗari, alawus na kashi 40, da ariyas da suka taru wata bisa wata.

An caccaki ciyamomin ƙananan hukumomin a lokacin, kuma ba a zalunce su ba. Amma akwai ɓangaren da surutun bai kai gare shi ba. Kafin a biya malami ariyas, sai wani ya san matakinsa, da ranar da ya hau matakin, da abin da aka riga aka ba shi. Wannan wanin yana zaune a ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, wato LEA, a sashen kula da ma'aikata, kuma ba kasafai ake tambayar yadda aka yi ya hau kujerar ba, balle wanda ya koya masa aikin. Ra'ayina shi ne, kula da ma'aikatan makaranta sana'a ce mai zaman kanta, mai buƙatar horo da matakan girma nata. Muddin muna mayar da ita wurin ajiye malamin da alli ya ishe shi, ko ladan wanda ya yi wa jam'iyya wahala, to ko an ninka kuɗin da ke shiga ƙananan hukumomi, rigimar albashi da ƙarin girma ba za ta ƙare ba.

Malamai uku da ke hawa mota ɗaya daga Suleja ko Mararaba kowace safiya na iya zama ƙarƙashin iyayen gida uku. Na firamare yana hannun LEA, albashinsa kuma daga ƙaramar hukumarsa yake fitowa, ko AMAC ce, wato ta cikin birnin Abuja, ko Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali ko Abaji. Na ƙaramar sakandare yana hannun hukumar ilimin bai-ɗaya ta Abuja, na babbar sakandare kuma yana da tasa hukumar. A wurare da yawa katanga ɗaya ce ta kewaye firamare da ƙaramar sakandare, amma sai wannan ya ga alat ɗinsa a ƙarshen wata, wancan yana ta duba waya. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, UBEC, wadda dokar 2004 ta ware wa kashi 2 cikin ɗari na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya, ba ta biyan albashi. Kuɗinta na gini ne da kayan karatu da horar da malamai.

An taɓa shiga wannan hali. A 1988 aka kafa hukumar ilimin firamare ta ƙasa domin albashin malamai ya daina maƙalewa. A 1991 aka rushe ta, aka miƙa komai ga ƙananan hukumomi, malamai suka riƙa shafe watanni hannu rabbana, har aka dawo da hukumar a 1993. Hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi ya sake tura nauyin ƙasa. Ko mutum yana goyon bayan hukuncin ko ba ya yi, ma'anarsa ita ce ofishin LEA zai ƙara muhimmanci, alhali shi ne ofishin da aka fi sakaci da ingancin mutanen cikinsa.

A ɗauko fayil ɗin malami guda a buɗe. Abin da ya kamata a tarar a ciki sananne ne: takardar neman aiki, takardar ɗauka, wadda ya rubuta cewa ya karɓa, takardar kama aiki mai ɗauke da ranar da ya fara, shaidar haihuwa ko takardar rantsuwar shekaru, takardun makaranta, takardar likita, rajistarsa da hukumar rajistar malamai ta ƙasa, wato TRCN, takardar tabbatar da shi bayan shekara biyu na gwaji, sannan kowace takardar ƙarin girma, canjin wurin aiki, hutu, tuhuma da amsarta, da sunan magajinsa. Kowane shafi da lambarsa a jere, domin idan aka zare ɗaya a gane. Fayil iri biyu ne, buɗaɗɗe da na sirri, kuma duk wanda ya fita daga rajista sai an rubuta a littafi wa ya ɗauka, yaushe, zuwa teburin wa. Inda aka daina rubuta wannan littafi, nan ake fara jin "ba a ga fayil ɗinka ba", sai malami ya bar ajinsa kwana biyu yana zarya, wani lokaci har sai ya ba masinja na goro kafin fayil ya fito daga inda yake kwance tun farko.

Kwanan wata uku ne ke riƙe da rayuwar ma'aikaci: ranar haihuwa, ranar fara aiki, da ranar ƙarin girmansa na ƙarshe. Daga su ake fitar da ranar ritaya, da shekarar da zai sake cancantar ƙarin girma, da sitef ɗin albashinsa. Dokokin aikin gwamnati sun ce ranar haihuwar da aka rubuta lokacin ɗaukar aiki ba ta canzawa har mutum ya bar aiki. Duk da haka ana tarar da fayil mai ranar haihuwa biyu, katin ɗan ƙasa kuma yana ɗauke da ta uku. Ko sunan da aka rubuta Muhammad a takardar ɗauka, Mohammed a banki, Muh'd a takardar shaidar malanta ta NCE. Ƙananan abubuwa ne, amma su ne ke tsayar da albashin mutum idan aka zo tantancewa, su ne kuma ke riƙe kuɗin fanshonsa bayan ya tsufa. Jami'in da ya san aikinsa yakan kama su a makon farko da malami ya kama aiki, lokacin da gyaransu bai wuce takarda ɗaya ba.

Sai kuma jeri uku da dole su yi daidai da juna kowane wata: jerin sunayen ma'aikata da ke ofishin LEA, baucan albashi da ke sashen kuɗi, da rahoton wata da hedimasta ke aikowa na waɗanda suke zuwa aiki. Ma'aikatan bogi daga tazarar da ke tsakanin waɗannan ukun suke fitowa. Wani ya rasu ba a kai rahoto ba. Wata ta sami aiki a ma'aikatar tarayya, sunanta yana nan a bauca. Wani ya koma kasuwanci a Dei-Dei, ya bar ƙanensa yana sa masa hannu. Idan mutum biyu da kwamfuta ɗaya suka zauna kwana uku a kowane wata suna gwada jerin nan, ba za a buƙaci gagarumar tantancewar da ake kira lokaci zuwa lokaci ba, wadda ake tara malamai a rana a harabar sakatariya da jakar takardu, azuzuwa kuma babu kowa. Ni a wurina yawan tantancewa shaida ce cewa ba a yin aikin wata-wata. Na'ura kaɗai kuwa ba ta magance wannan. Gwamnatin tarayya ta fara tsarin biyan albashi ta kwamfuta, IPPIS, tun 2007, kuma ma'aikatanta sun san cewa idan aka shigar da kuskure, kuskuren na'ura za ta riƙa biya kowane wata ba tare da gajiya ba.

Ƙarin girma shi ne wurin da aka fi cin zalin malami ba tare da kowa ya ɗaga murya ba. Ƙa'idar ba ta da ruɗani. Mai NCE yana shiga a mataki na 07, mai digiri a na 08. Daga 07 zuwa 14 shekara uku ake yi a kowane mataki, daga 15 zuwa sama shekara huɗu. Ke nan tun watan Janairu jami'i zai iya fitar da sunayen duk waɗanda suka cika shekarunsu, ya haɗa fom ɗinsu na auna ƙwazo na shekara uku, a yi jarrabawa ko ganawa, a ba da takarda, sannan a aika wa sashen kuɗi takardar sauya albashi. A wannan mataki na ƙarshe igiyar ke tsinkewa. Takarda ta fito, malami ya zama ɗan mataki na 10 a rubuce, amma albashin mataki na 09 yake karɓa, saboda babu wanda ya sa kuɗin a kasafin shekarar. A ce bambancin naira 12,000 ne a wata, aka kuma yi wata 30 ba a gyara ba: naira 360,000 ke nan a kan mutum ɗaya. A ce su 500 ne a ƙaramar hukumar: miliyan 180. Haka bashin da ciyaman zai ce ya fi ƙarfinsa ke taruwa, alhali da an ba shi lissafin miliyan 6 a wata kafin a rufe kasafi, da ya san da shi tun yana ƙarami. Ba a fafe gora ranar tafiya. Aikin shugaban sashen ma'aikata ne ya kai wannan lissafi teburin ma'aji kafin kasafin kuɗi ya wuce, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba.

Fom ɗin auna ƙwazo kuwa, wanda ma'aikata ke kira APER, ya zama al'ada kawai. Malami ya cika da kansa, ya kai wa hedimasta, shi kuma ya sa hannu a kan "ya yi kyau ƙwarai" don a zauna lafiya. A tsarin da aka saba a da a aikin tarayya, jarrabawa ke ɗaukar maki 70, fom ɗin 20, daɗewa a aiki 10. Ga ma'aikacin ofis wataƙila wannan ya wadatar. Ga malami, ban ga dalilin da zai sa a ƙara masa girma ba tare da wani ya zauna a bayan ajinsa ya ga yana koyarwa ba, ko sau biyu ne a shekara, ya duba littafin shirya darasinsa da littattafan yara biyar da ya zaɓa da kansa, kada malamin ne zai zaɓo masa.

Akwai wani lissafi da ba a cika yi ba. A tsarin albashin ma'aikata babu mataki na 11, daga 10 sai 12. Mai NCE da ya shiga a 07, wanda a tsarin da aka saba yake tsayawa a 14, ƙarin girma shida ne a gabansa. Idan komai ya zo a kan lokaci, cikin shekara 18 ya kai maƙura, kuma ƙarƙashin dokar ritaya ta 2022, mai ba malami shekara 40 a bakin aiki, yana iya samun sauran shekara 22 a gabansa ba tare da wani abin da zai sa rai a kai ba. Shi ya sa kowa ke rububin digiri na hutun makaranta ko na ƙarshen mako. Matsalar ita ce da yawa suna tafiya ba tare da izini a rubuce ba, sai su dawo a ƙi karɓar takardar. Wasu kuma sukan karanta duk abin da aka sami gurbi a kai, ko da bai shafi aji ba. Ofishin da ya san giɓinsa zai ce: bana mutum kaza za mu ba hutun ƙaro karatu, kuma a lissafi da kimiyya da koyar da karatu ga 'yan aji ɗaya zuwa uku muke so, wanda ya tafi kuma ya sa hannu zai dawo ya yi mana shekarun da ya ɗauka.

Rabon malamai a makarantu shi ne inda ake gane ko shugaba yana da ƙashin baya. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Makaranta mai yara 420 tana buƙatar malamai 12, ban da hedimasta. Idan aka raba yawan yaran ƙaramar hukuma da yawan malamanta, lissafin na iya fitowa da kyau, amma wannan lissafin yaudara ne. Sai an bi makaranta-makaranta za a ga ta cikin garin Kuje malamai sun yi mata yawa, ta can bayan Rubochi kuma mutum uku ne ke fama da aji shida. Haka tsakanin garin Abaji da ƙauyukan Yaba, ko Kubwa da Kawu. A Nyanya, Karu da Lugbe kuma yaran ne suka yi yawa har aji ya cika maƙil. Kuma tunda kowace ƙaramar hukuma ita ke biyan nata, ba a iya ɗaukar rarar malamin AMAC a kai shi Abaji haka kawai. Dole kowace LEA ta gyara cikin gidanta.

Kowa ya san yadda buƙatar canjin wurin aiki ke zuwa: ɗan kati daga kansila, waya daga wani darakta, ko a ce matar wane ce. Ba duka ne son zuciya ba. Akwai mai goyo, akwai mai ciwon da ke buƙatar asibiti kusa, akwai tsoron masu garkuwa da mutane da ya addabi yankin Bwari a farkon 2024, ga kuɗin mota da ya ninka tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Jami'in da ba shi da rubutacciyar ƙa'ida ba zai iya bambance mai uzuri da mai uban gida ba, kuma ba shi da abin da zai nuna wa kansila ya ce hannunsa a ɗaure yake. Ƙa'idar da nake gani ita ce a riƙa yin canji sau ɗaya a shekara, a cikin dogon hutu, kowa ya san makarantarsa kafin Satumba. Sabon ɗauka ya yi shekara uku a makarantar nesa, idan ya cika shi ne farko wajen zaɓen inda zai koma. Kada a saki kowa sai wanda zai gaje shi ya kama aiki. A liƙa jerin a allon sanarwa da dalilin kowane canji. Alawus ɗin karkara, wanda Shugaba Buhari ya yi alkawari a ranar malamai ta Oktoban 2020, idan za a biya shi, a ɗaura shi a kan makarantar, ta yadda ranar da malami ya bar ta, ranar kuɗin zai tsaya. In ba haka ba, za a wayi gari mutum yana koyarwa a Garki yana karɓar kuɗin zaman ƙauye.

Game da ɗaukar aiki, Kaduna ta ishe mu darasi. A 2017 malamai 21,780 daga cikin kusan 33,000 suka kasa samun maki 75 cikin ɗari a jarrabawar 'yan aji huɗu, aka sallame su. A 2022 aka sake sallamar 2,357. An yi ta muhawara kan ko korar daidai ce, amma abin da ya fi damuna shi ne kowane ɗayansu yana da takardar ɗaukar aiki da wani jami'i ya sa wa hannu. Hanyar da ta dace ba ɓoyayya ba ce. A ƙirga guraben da ake da su makaranta-makaranta da darasi-darasi, a yi talla, a rubuta wa kwalejin da ta ba da takarda, ko ta Zuba ce ko wata, ta tabbatar da ita, a nemi shaidar TRCN wadda tun 2017 sai da jarrabawa ake samu, a yi rubutacciyar jarrabawa, sannan mai nema ya koyar na minti 15 a gaban yara na gaske. A buga makin kowa, takardar ɗauka kuma ta ambaci sunan makarantar da zai je. Ƙofar bayan da aka fi shiga ta ita ce abin da ake kira maye gurbi: wani ya rasu ko ya yi ritaya, sai a zura sabon suna a gurbinsa shiru, babu talla, babu gwaji, tunda jimillar albashi ba ta canza ba balle mai binciken kuɗi ya lura. A shekara goma, da wannan kaɗai ana iya cika ƙaramar hukuma da mutanen da ba wanda ya taɓa jin sun karanta jimla ɗaya.

Ladabtarwa ma tana da hanyarta: takardar tuhuma, damar amsawa cikin awa 72, kwamiti, hukunci, kuma dokokin aikin tarayya sun ce a gama cikin kwana 60 in ba laifin da ya kai kotu ba ne. Inda jami'i bai san wannan ba, abu biyu ke faruwa. Ko a kori mutum da fushi ya je kotun ma'aikata ya yi nasara, a biya shi albashin shekarun da bai yi aiki ba, ko a guje wa rigima a tura mai laifin wata makarantar ƙauye, yaran can su gaji matsalar.

To su wane ne ke yin duk wannan aiki? Galibi iri biyu ne. Akwai malaman da aka ɗauko daga aji, sun san makaranta amma ba su taɓa buɗe littafin dokokin aiki ba. Akwai kuma akawuna da jami'an mulki, sun san takarda amma ba su san abin da ake nufi da a cire malamin aji ɗaya a tsakiyar zango ba. Dukansu da "haka muka tarar ana yi" suke koyon aiki. Ga kuma asara ta biyu: tunda ofis ne ke da daraja da tafiye-tafiyen bita, malamin lissafin da ya fi kowa iyawa shi ne ke fafutukar barin aji, sai a rasa malami nagari a sami jami'i mai lalube.

Abin da nake kira a yi shi ne a shimfiɗa wa wannan aiki tsani bayyananne. Mutum ya fara daga rajista, ya yi shekara biyu ko uku yana riƙe fayil da jerin ma'aikata. Daga nan ya koma teburin albashi da ƙarin girma, sannan na ɗaukar aiki da rabon malamai, kafin a ba shi shugabancin sashe. Malamin da ke son shigowa ya ci jarrabawar dokokin aiki da na kuɗi, ya nuna ya iya sarrafa jerin suna dubu biyu a kwamfuta. Jami'in mulkin da ke son shigowa kuma a tura shi zango guda makarantar ƙauye, ya zauna da hedimasta ya ga yadda ake raba aji shida ga mutum uku. Wuraren horo suna nan: cibiyar NIEPA da ke Ondo an kafa ta ne domin masu tsara ilimi da gudanar da shi, ga kwalejin horar da ma'aikatan gwamnati ta ASCON a Badagry, ga cibiyar CIPM ta ƙwararrun kula da ma'aikata da ke nan tun 1968. Kashi 10 cikin ɗari na kuɗin UBEC na horar da malamai ne, kuma ban ga laifi ba idan aka yanki kaɗan a ciki aka horar da mutum biyar-biyar daga kowace LEA a kowace shekara. A ɗaya gefen kuma a buɗe wa wanda ya zaɓi zama a aji hanyar kaiwa mataki na 15 da 16 yana riƙe da allinsa, yana horar da sababbin ɗauka, don kada ofis ya zama ita kaɗai hanyar ci gaba.

Kujerar sakataren ilimi, wato shugaban LEA, ita ce kan gaba. A wurare da yawa ciyaman ne ke kawo sunansa, ranar da ciyaman ya sauka kuma shi ma ya fara tattara kayansa. Mutumin da ya san haka ba zai ce wa mai gidansa a'a ba idan aka miƙo masa sunaye 40 a sa a bauca. A yi tallar kujerar. A gindaya sharaɗin shekarun koyarwa da na gudanarwa da shaidar horo. Kwamitin da ya haɗa hukumar ilimin bai-ɗaya, wakilin hedimastoci da na iyayen yara ya tace mutum uku, ciyaman ya zaɓi ɗaya a cikinsu. Wa'adinsa ya zama shekara huɗu da ba su fara ko ƙare tare da na ciyaman ba. A kowane zango kuma ya buga amsar tambayoyi kaɗan: makarantu nawa ne suka haura yara 35 ga malami ɗaya, mutum nawa ne ƙarin girmansu ya wuce lokaci, nawa ne aka ba takarda ba a gyara musu albashi ba, wata nawa mai ritaya ke jira kafin fayil ɗinsa ya bar ofis. Da waɗannan za a sabunta masa wa'adi ko a sallame shi.

Za a ce matsalar kuɗi ce kawai, kuma wanda ke biyan albashi shi ya kamata ya zaɓi mai kula da ma'aikata. Kuɗi matsala ne, ban musa ba. Amma ƙaramar hukumar da ba ta san adadin malamanta na gaskiya ba, ba ta da bakin cewa kuɗi bai isa ba, kuma ciyaman da ke da jeri mai tsafta ya fi ƙarfin hujja idan ya je neman agaji wurin minista. Zaɓi kuwa ba a ƙwace masa ba, an dai taƙaita shi ga mutanen da suka iya aikin. Ita ma NUT tana da nata kason. Ƙungiyar da ke iya rufe makarantu wata uku tana iya sa wa a cikin yarjejeniya cewa a riƙa ba ta kwafin jerin ma'aikata da na canjin wurin aiki kowane zango, ta kuma daina tsaya wa ɗanta idan an tura shi ƙauye bisa ƙa'ida.

Ritaya ce aikin da ya fi sauƙin hange, ita ce kuma aka fi bari sai ta zo bagatatan. Dokar da aka sa wa hannu a 2022 ta mayar da ritayar malamai shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki, maimakon 60 ko 35. Wannan ya jinkirta fitar mutane na shekara biyar, amma bai hana ta ba, kuma ina ganin ya kamata waɗannan ƙarin shekaru a yi su a aji ko a horar da matasa, kada a yi su a kan kujerar da na baya ke jira. Wata shida kafin ranar mutum, a ɗauko fayil ɗinsa a cike duk takardar da ta ɓata, a daidaita ƙarin girmansa na ƙarshe, a kuma gwada abin da aka cire masa da abin da ya shiga asusun fanshonsa, domin dokar fansho ta 2014 ta ce kashi 8 daga ma'aikaci, kashi 10 daga mai ɗaukar aiki, kuma cirewa daban take da turawa. Malamar da ta kama aiki a Satumban 1990 tana da shekara 22, a Satumban 2030 za ta fita. Sunanta da na duk 'yan shekararta ana iya buga su yau daga jerin ma'aikata, a ga makarantun da za su bari da darussan da suke koyarwa, a sa kuɗin ɗaukar waɗanda za su gaje su a kasafin 2029.